Kwanon da Ake Kaiwa Bayan Rumbu

A shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadama tun daga Guri har gefen Haɗeja, Hajja Zara ta fara lura kifinta na raguwa. Bandar tarwaɗa ce da ɗanta Tukur ke ware mata in ya dawo saro daga Baturiya, ta zuba a kwando ta rataye a ɗaki. To Hajja mace ce da ta san nauyin kwandonta. Ɓera yakan bar ƙaya da ɓarɓashi, wannan ɓarawon kuwa tsaf yake ɗauka, har ya mayar da murfi.

Amma ba kifin ne ke hana ta sukuni ba. Adila ce, 'yar farin Tukur, wadda ba ta cika shekara uku ba. Yarinya sai ramewa take, wuya ya yi siriri, gashi ya fara ja. Hajja ta goya ta zuwa asibitin unguwa, aka naɗa mata wani ma'auni a damtse, ya tsaya a kan ruwan ɗorawa. Ma'aikaciyar ta ce in ya kai ja, sai kwanciya. Ta ce a ƙara mata abinci. Hajja ta dawo ta sa aka ƙara malmala biyu a kwanon yara, inda Adila ke ci tare da 'ya'yan babban ɗanta Sunusi, ƙattan yara huɗu masu ci kamar fara. Tuwo ya ƙaru, kwano na dawowa a suɗe, yarinya kuwa tana nan jiya-i-yau.

Uwar yarinyar, Sakinatu, 'yar Fulanin wajen Baturiya ce, kuma kunyar ɗan fari a wurinsu ba wasa ba ce. Ba ta kiran sunan Adila, sai dai "waccan". Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta ba ta abinci a baki. Hajja ma alfahari take da haka. Ko a gidan biki sai ta ce, "Surukata ai ta gaji kunya, ko kallon 'yar nan ba ta yi."

Ana haka wata rana da hantsi maƙwabciyarta Huseina mai ƙuli-ƙuli ta leƙo ta kan katanga.

"Hajja, kina ciki ko kin tafi Makka ba sallama?"

"Da kuɗin ƙulinki zan je? Shigo mana."

"A'a, daga nan ma ya isa." Ta rage murya. "Wai me surukarki ke dakawa a bayan rumbu in kin shiga sallar walha? Wani gari kore-kore. Ta dama a ɗan kwano, ta ja yarinyar nan can, ta ɗura mata tana waige-waige."

"Sakinatu? Wadda ko hannun 'yar ba ta riƙewa?"

"A gabanki ba. Ni dai ban ce komai ba. Amma tunda ta samu namiji a goye, kin ga yarinyar ta ƙara auki? Mutanen daji, Hajja, su da saiwoyi. Ni dai ban ce komai ba."

Ai kuwa ta ce. Maganar ta shiga Hajja ta zauna daram. Da yamma ta jawo Adila ta shinshina bakinta, ta ji wani ƙamshi da ba na tuwo ba. Ta zagaya bayan rumbu, ta laluba cikin jinka, sai ga gwangwanin madara cike da gari, kore da ɗan maiƙo. Ta tuna yadda Sakinatu ke sunkuyar da kai in an yi zancen ramar yarinyar. A da kunya take gani, yanzu kuwa sai ta ga kamar rashin gaskiya ne. Ta juye garin a kwata, ta bi shi da ruwa. Kifi ta kulle a akwatin ƙarfe, makulli a bakin zane. Adila kuwa ta hana ta matsawa ko nan da can, ko banɗaki za ta shiga sai ta zaunar da ita a bakin ƙofa.

Sakinatu ta ci gaba da hidimarta. Da safe za ta durƙusa ta ce, "Hajja, an tashi lafiya?" idonta a ƙasa, jajur. Hajja ta amsa a daƙile tana kallon hannuwanta. In ta kawo mata fura ma, sai Hajja ta faki ido ta zuba wa kaji tukuna ta ga.

Abin da ya ɗaure wa Hajja kai shi ne, tunda ta raba yarinyar da garin nan, maimakon ta farfaɗo sai ta ƙara lanƙwamewa. Wasa ma ta daina. Ta zauna jikin Hajja shiru, kamar tsohuwa.

"Ya riga ya shiga jini," in ji Huseina ta kan katanga. "Ki gaya wa Tukur."

Hajja ta yi niyyar haka, amma ta san ɗanta. In ya ji wannan magana, aure ya mutu a ranar. Ta ce sai ta gani da idonta. Ta yafa mayafi, ta ɗaga murya ta ce za ta barka can unguwar masunta, sai bayan azahar. Ta fita ta ƙofa, ta shige gidan Huseina, ta hau turmi ta leƙa.

Ba ta daɗe ba sai ga Sakinatu, goyo a baya, ta fito da sauri. Ta tsinko zogale busasshe daga ƙullin zanenta, ta haɗa da soyayyar gyaɗa da ɗan gero, ta daka a ƙaramin turmi a hankali don kada a ji. Ta dama, ta ɗiga manja. Sai ta sunkuci Adila zuwa bayan rumbu, ta ɗora ta a cinya, tana hura cokali.

"Adila. Adilata. Buɗe baki, uwata. Ha."

Hajja ba ta taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Amma zuciyar da ta riga ta yi zargi ba ta saurin sauka. Ta diro daga turmi, ta zagayo ko takalmi babu.

"Me kike ba ta?"

Sakinatu ta zabura, saura kaɗan kwanon ya kife.

"Kunu ne, Hajja."

"Kunu a bayan rumbu? Sha in gani."

Ta sha cokali biyu. Hajja ta fizge kwanon, ta shinshina, ta lasa. Gyaɗa. Zogale. Gero. Ta sake lasa, tana neman ɗacin saiwa, ba ta samu ba.

"Wanda na zubar fa?"

"Shi ma haka ne, sai dai da kifi da waken suya. A wurin awo aka koya mana." Ta sunkuyar da kai. "Kifin naki ne, Hajja. Ni na ɗiba. Ki yafe mini."

"To don me ba ki yi a tsakar gida ba, kamar mai gaskiya?"

"Da wane idon, Hajja? Kina faɗa wa mutane ko kallonta ba na yi."

"Ba ga tuwo na ƙara musu ba?"

Sakinatu ta ce, "Don Allah in an sauke na rana, ki zauna kusa da kwanon. Kada ki kalli kwanon. Ki kalli hannun waccan."

Hajja ta zauna. Aka ajiye tuwo yana tururi, yaran Sunusi suka rufa a kai. Su hannunsu ya saba da zafi, suna yanka suna aunawa. Adila ta miƙa ɗan yatsa, zafi ya cije ta, ta janye tana hurawa. Ta jira ya huce. Kafin ya huce an kai gindin kwano. Ɗan kifin da ke cikin miya, babbansu ya raba yadda aka saba, daga manya zuwa ƙasa, ita ta samu ƙaya. Ta lashi miya a yatsa biyu, aka ce an gama, ta tashi tare da kowa. Ba ta yi kuka ba, shi ya sa ba wanda ya taɓa sani.

Hajja ta miƙe. Sannan ta kunce bakin zane, ta cilla wa Sakinatu makulli.

"Ɗebo kifi manya guda uku. Ki daka a babban turmi, da ƙarfi, Huseina ta ji."

"Hajja, ko ke za ki riƙa ba ta? Ni in dama."

"A hannuna cokali nawa za ta sha? Na ga yadda take buɗe miki baki. Ke za ki ba ta, a nan kan tabarma, a kwanonta ita kaɗai."

"A gabanki?"

"Wa ya ce a gabana?"

Hajja ta ja kujerarta, ta juya ta fuskanci katanga, ta ɗauko carbi.

Haka aka riƙa yi safe da rana da yamma. Ranar da aka koma asibiti ma'aunin bai kai kore ba tukuna, amma ya baro bakin ja, kuma Adila ta fizge shi tana son ta gudu da shi.

Huseina kuwa ta leƙo wata rana da hantsi, sai ta yi ido huɗu da Hajja, hanci kusan a jikin katanga.

"Hajja, lafiya? Alƙibla ta koma gidana ne?"

"Gadi nake," in ji Hajja. "Akwai wata mai leƙe a unguwar nan. Sauka, surukata na jin kunya."

A bayanta cokali na ƙara a jikin kwano, wata murya kuma na cewa a hankali, "Saura ɗaya, Adila. Ha."