Tabon da Ban Samu Ba

Ina cikin ɗaga buhun taki a gonata ta Kadawa na ji kamar an ɗora min turmi a ƙirji. Na ce yunwa ce. Da abin ya sake dawowa, har da zufa da nauyin hannun hagu, matata Kubra ta ce ko in tafi asibiti da ƙafata ko ta kira Yaya Dalhatu.

Yaya Dalhatu babban wanmu ne. Shekarun baya an tsaga ƙirjinsa an yi masa aikin zuciya, kuma tun daga nan ba ya zama a majalisa bai ɗaga riga ya nuna tabon ba. Sai ka ji ana salati. Ni kuwa, Allah ya sani, abin yana ɗan ba ni sha'awa.

A asibitin Kano likitar da ta duba ni, Dakta Surayya, ta ce hanyar jinin da ke ciyar da zuciyata ce ta ƙuntata.

"Malam Maharazu, gyaran iri biyu ne. In toshewar wuri ɗaya ce, ta hannu za mu bi mu saka ɗan bututu mai kamar raga, ya buɗe hanyar. In jijiyoyin da yawa ne, musamman ga mai ciwon suga kamar wanku, an fi samun ɗorewa in an buɗe ƙirji, a ciro jijiya daga ƙafa a yi wa jinin sabuwar hanya. Amma jinyarsa tana da tsawo."

"Likita, a yi babban kawai," na ce. "Mu gidanmu ba ma tsoron wuƙa."

"Ba a kasuwa muke ba, Malam. Sai mun leƙa mun gani."

Daga nan aka zo ɗibar jinina. Ina ganin allurar, sai farkawa na yi na tarar Kubra tana min fifita da gefen mayafinta.

Wannan bai hana ni komawa gida in shaida wa rabin garinmu Bunkure cewa za a tsaga ni ba. Na bi gida-gida neman yafiya. Har liman ya sa aka yi min addu'a bayan sallar Juma'a, ina ta sunkuyar da kai irin na wanda ya riga ya ga lahira.

Ranar aikin ko barci ba a sa ni ba. Ina kwance ina jin likitoci suna hirarsu, Dakta Surayya ta ce, "Toshewar guda ɗaya ce, mun saka bututun." Washegari aka sallame ni.

Na iske zaure cike da 'yan dubiya, ga kwanukan kunu, ga lemo. Maƙwabcina Datti ya matso.

"Sannu Malam. A ɗan buɗe mana mu gani mana."

Na miƙa wuyan hannuna. Filasta ce 'yar mitsitsiya. Datti ya juya hannun, ya leƙa ɗaya gefen ko akwai saura.

"Shi ke nan? Ai ko lauje ya taɓa yi min wanda ya fi wannan."

Da aka watse Yaya Dalhatu ya tsaya. Ya ce, "Kai dai sakarai ne. Ni watanni na yi ba na iya tari sai na rungume filo ina hawaye. Ka sha maganinka kullum, kada ka kuskura ka tsallake, in ba haka ba bututun ya toshe."

Yanzu Kubra ta raba ni da tsire da man shanu, ta rage gishiri har miya ta koma ruwan ɗumi. Likita ta ce in riƙa tafiya a ƙafa, don haka kowace safiya nake bin bakin kanal ɗin ban ruwan gonaki, hannu a baya, ba gona ba kasuwa. Jiya wani mai babur ya tsaya ya tambaye ni ko akuyata ce ta ɓata.