Kabarin Bushira a Kufai

Bushira ta rasu bayan sallar asuba, a kan jingar da mutanen Gidan Ɓaure suka koma tun ranar da kogin Haɗeja ya shigo musu gari. Amai da gudawa ne. Da yamma tana tuƙa tuwo a ƙarƙashin rumfar leda, kafin gari ya waye idanunta sun faɗa, ta daina gane kowa. Mijinta Abdulmannan yana tallafe da kanta har ta cika.

Mata suka kewaye da zannuwa suka yi mata wanka. Likkafani bai yi wuya ba, liman yana da yadi a ajiye. Ƙasar da za a sa ta ce babu. Maƙabartar gari tana ƙarƙashin ruwa, kan bishiyoyinta kawai ake hange. Samari suka gwada gefen jingar, ko kamu ɗaya ba su yi ba ruwa ya ɓulɓulo ya cika ramin. Suka matsa gaba, can ma haka. Titin Haɗeja ya yanke, kwalekwalen da ya rage musu kuma ya tafi kai marasa lafiya tun jiya bai dawo ba.

Abdulmannan yana tsugune, ya zuba wa ramin ido, sai Mala ya dafa kafaɗarsa. Mala yayan Bushira ne uwa ɗaya uba ɗaya, masunci ne, ba mai yawan magana ba.

"Akwai wani tudu bayan ciyawar kacala, ta burtalin Fulani," in ji shi. "Ban taɓa hawa ba, kukokinsa nake hangowa in na fita kamun kifi. Tashi mu je mu gani da ƙafa, kafin a ɗauki gawa a sha wahalar banza."

Suka ɗauki diga da shebur. Burtalin ya nutse, sai dai layin ƙayar da ke gefensa ya nuna musu hanya. Ruwa wani wuri iya gwiwa, wani wuri har ƙirji, sai su ɗora kayan aiki a ka. Suka wuce gonar shinkafar Abdulmannan, bai ko waiwaya ba. Ciyawar kacala ta fi su tsawo, tana yankar hannu, sauro kuma ko da rana yana bin su kamar hayaƙi. Hantsi ya dubi ludayi kafin ƙafarsu ta taka busasshiyar ƙasa.

Abin da suka ɗauka tudu ne ashe ganuwa ce. Ta zaizaye, sarƙaƙiya ta rufe ta, amma ga ta nan ta yi kewaye, har da giɓin da ya zama ƙofa a da. Suka shiga ta giɓin, suka tsaya.

Gari ne guda. Katangu sun zube sun zama tsibi-tsibi, amma mutum na iya gane inda lungu ya bi, da inda zaure ya tsaya. Duk inda suka taka tsingaro ne ke ƙara a ƙarƙashin takalmi. Suka wuce ramukan rini a jere, bakinsu har yanzu da sauran baƙi-baƙi. Wata rijiya ta rufta, ɓaure ya tsiro daga cikinta. Kukokin nan kuwa, mutum biyar ba za su rungume ɗaya ba, jikinsu duk tabon sassaƙa ne da ya daɗe da warkewa. Babu motsin komai sai ƙadangaru.

"Yaya Mala, su wane ne suka zauna nan?"

"Allah ne masani. Ko kakanmu ban taɓa jin ya ambaci gari a nan ba."

Abdulmannan ya zaɓi wani fili a gabas, kusa da ganuwa. Ƙasar ja ce, busasshiya, har ransa ya ɗan yi sanyi da ya ji diga tana shiga da ƙyar. Bai yi nisa ba ya ji ta bugi wani abu. Ya durƙusa ya share da hannu. Ƙoƙon kan mutum ne. A gefensa ga wani, a ƙarƙashinsu ga ƙasusuwan ƙafa sun gitta da juna.

Suka yi salati, suka mayar da ƙasa, suka matsa can nesa. Nan ma haka. Wannan karon ƙananan haƙarƙari ne, da wasu 'yan duwatsun wuya shuɗaye da zarensu ya daɗe da ruɓewa. Mala ya ɗauki ɗaya a tafin hannu, ya duba, ya mayar inda yake.

"Ba a jere aka sa su ba," ya ce a hankali. "Wani kan gabas, wani kan yamma. Gaggawa aka yi. Masu binnewar ma ina jin ba su da yawa."

Abdulmannan ya saki digar. Jingarsu ya tuna, da mutanen da ya baro kwance a kan tabarmi, da bokitan da yara ke ɗiban ruwan sha daga inda kowa ke wanke komai. Ya zauna a kan tsibin ƙasa. Tun asuba bai yi kuka ba, sai a nan ya zo masa, ya kife fuska a gwiwa. Mala ya ƙyale shi. Da ya ga rana tana neman karkata, ya ce, "Mannan, tana can tana jiranmu."

Suka bar filin suka shiga cikin gidajen. A wani gida da katangarsa ta rage iya ƙugu suka sami ɗaki, daɓensa bai fashe ba. A bakin ƙofa ga duwatsun murhu, ga dutsen niƙa da tsakiyarsa ta lotsa saboda aiki.

"Ɗakin mace ne," in ji Mala.

Abdulmannan ya daɗe yana kallon daɓen. Sannan ya yi bisimilla ya ɗaga diga. A ƙarƙashi babu kowa, ƙasa ce tsabtatacciya har iya zurfin da ake bukata. Suka haƙa su biyu, suna karɓa-karɓa, suka gyara kabarin ya fuskanci alƙibla.

La'asar ta yi kafin a iso da ita. An ɗaure makara da igiya, maza suna ɗaga ta sama da kawunansu a wuraren da ruwa ya yi zurfi. Wani ya zame, gefen likkafanin ya jiƙe, aka ci gaba da tafiya. Liman ya yi mata salla a tsakar gidan da ba wanda ya san mai shi. Suka rufe ta da rassan da suka saro da manyan fasassun tukwanen da suka tsinto a wurin.

Bushira ce ta farko, amma ba ita ce ta ƙarshe ba. Kafin ruwa ya janye, kacalar burtalin ta kwanta saboda yawan bi. Liman da kansa ta nan aka bi da shi. Duk ɗakin da aka samu da daɓe mai kyau sai da aka fasa.

Da rani, bayan an koma gari an fara tayar da katangu, Abdulmannan ya kai 'yarsa Saudatu ta ga inda mahaifiyarta take. Tana aure a Jahun, ruwa ya hana ta zuwa a lokacin. Tun daga nesa suka hango hayaƙi a cikin ganuwar. Mutanen wani ƙauye ne da kogi ya cinye gaba ɗaya, sun kafa bukkoki a gindin kukoki, suna farfasa tsofaffin katangu suna kwaɓa ƙasar gini. An ɗaure akuya a jikin katangar ɗakin Bushira.

Wani dattijo ya taso da sauri ya kwance akuyar. "Ku yi haƙuri, Malam. Mun ga kaburburan sababbi ne, ba mu taɓa su ba. Ba mu da wajen zuwa ne."

"Kun haƙa rijiya?" Abdulmannan ya tambaye shi.

"Muna shirin yi, can gabas wajen ganuwa."

"Kada ku haƙa a can."

Ya ja shi gefe ya gaya masa abin da ke ƙarƙashin filin. Dattijon ya dubi bukkokinsu, ya dubi yaran da ke wasa a kan filin, bai ce za su tashi ba. Ya dai aro musu gatari. Saudatu ta durƙusa tana addu'a, su kuma suka shiga saro ƙaya suna kewaye ɗakin, har rana ta yi sanyi.