Wayar Lasifikar Malam Njidda

"Jaratu, bar abin da kike yi, ki zo ki saurara."

Hannuna duk ƙullun ƙosai ne, mai na kan wuta, amma na san idan ban je ba zai yi ta bubbuga bangon da ke tsakaninmu har la'asar. Na sauke kaskon, na goge hannu da bakin zani, na zagaya. Na tarar da Malam Njidda durƙushe a bayan shen ɗinsa, wato rediyon nan mai hawa-hawa da manyan lasifika biyu, yana ɗaura wata sabuwar waya ja mai kaurin ɗan yatsa.

"Wannan daga Turai take," in ji shi. "Jan ƙarfe zalla. Dubi bakinta, ruwan zinare ne."

Na ce, "Ta jiya fa, daga ina take?"

Bai ji ni ba. Ya miƙe da ƙyar yana dafa bango, ya mai da kaset baya, ya danna. Na tsaya bakin ƙofa inda na saba tsayawa.

Na haddace kaset ɗin nan kamar karatun sallah. Da farko muryarsa ce, tun yana da ƙarfinsa, yana gwada makirufo da Faransanci: "An, de. An, de." Sai ƙarar turmi daga tsakar gida. Sai wani babur ya wuce. Daga nan sai dariyar matarsa Hamsatu can daga madafa, siririya, tana cewa, "Njidda, kashe abin nan ka zo ka ci abinci."

Shi ke nan fa. Duk wannan wahala a kan wannan 'yar magana ce.

Wanda bai san Hamsatu ba zai ce mene ne abin a ciki. Bafulatanar Garwa ce mai kunyar gaske. Tun da aka kawo ta unguwarmu ta Briqueterie a Yawunde tana amarya har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kama sunan mijinta ba. "Malam" take cewa, ko "shi". Akwai wani mai nama a bakin titi mai suna ɗaya da mijin, ta gwammace ta wuce shi ta je har kasuwar Mokolo da ta kira shi. Ranar da ya sayo shen ɗin, murna ce ta kwashe ta, bakinta ya suɓuce, ba ta san abin yana ɗauka ba. Da ya kunna mata ta ji, kwana ta yi ba ta haɗa ido da shi ba. Ba su samu haihuwa ba. Da zazzaɓi ya tafi da ita, abin da ta bar masa ke nan, da 'yan kwanukanta.

Wurin ya zo ya wuce. Ya juyo ya dube ni.

"Ya fito?"

"Sarai, Malam. Ni na ji ta."

"A'a. Turmi kawai nake ji, shi ma can ƙasa-ƙasa." Ya girgiza kai. "Har yanzu wayar tana cinye muryar. Siraran sauti su waya ke fara ci."

Wallahi raina ya ɓaci, na koma wajen ƙosaina ina ta mita ni kaɗai.

Shekarun kiriz ne, wato matsin tattalin arziki, kowa a unguwar ya san abin da ake ciki. Malam Njidda ma'aikacin wani kamfanin gwamnati ne, mai zuwa ofis da jaka. Rana ɗaya aka rufe kamfanin aka sallame su, aka ce su jira haƙƙinsu. Aka zaftare albashin waɗanda suka rage, aka karya darajar kuɗinmu sefa, komai ya ninka a kasuwa. Mutanen da ke sayen ƙosaina da burodi suka koma sayen ƙosai kaɗai, wasu ma sai su gaishe ni su wuce. Ina kallo firjin Malam Njidda ya fita a amalanke, kujerunsa suka bi, har gadon ƙarfen Hamsatu. Shen ɗin kaɗai ya rage, a kan tebur, an lulluɓe shi da mayafinta saboda danshi.

Abin da ya ruɗe shi kuwa, sau ɗaya maganar waya ta taɓa zama gaskiya. Wata damina lasifikar hagu ta yi shiru. Ya kira Taufiƙ mai gyaran rediyo, wani magidanci Bakano da ke da 'yar rumfa a hanyar Mokolo. Taufiƙ ya duba ya ga laimar Yawunde ta sa bakin wayar ya yi kore. Ya yanke wurin, ya fere sabon baki, ya ɗaure da kyau. Murya ta dawo tas. A ranar, Malam Njidda har tsire ya saya wa mutanen layinmu. Tun daga nan ya riƙe a ransa cewa duk abin da ya ɓace masa, a cikin waya yake maƙale.

Ni kuwa na san ba waya ba ce. Sai na yi sallama sau nawa kafin ya amsa. Ladan ya kira sallah, masallaci na nan kusa da hancinmu, sai na buga masa bango. A dispansa, ɗan asibitin unguwa, an gaya masa jininsa ya hau, kunnensa kuma yana tafiya. Da na tuna masa, sai ya ce, "Ga shi ina jin ki yanzu. Kunnen da ke jin masifarki ne zai kasa jin Hamsatu?"

Wata safiya na kai masa kunu, na ga kwalbar maganin hawan jininsa a kan taga. Na girgiza ta na ji ƙara, na ce alhamdu lillahi. Da na buɗe, ƙananan kusoshin lasifika ne a ciki. Na tambaye shi yaushe rabonsa da magani, ya yi kamar bai ji ba, kuma wannan karon na tabbata ya ji.

Ko mayafi ban daidaita ba na nufi rumfar Taufiƙ.

"Kai ba ka tsoron Allah? Mutum ya bar shan magani yana kwaso maka abin da zai ci, kai kuma kana naɗo masa waya?"

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Inna, zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"Wallahi tun farko na gaya masa. Ɗan ɗaki kamar nasa, wayar fitila ma ta ishe shi. Waya ba ta ƙara wa murya komai, abin da aka ba ta shi take kaiwa. Sai fa in ta tsinke, ko bakinta ya yi tsatsa, ko ka ja siririya da nisa kamar ta masallaci. Ruwan zinaren nan amfaninsa ɗaya, ba ya tsatsa. Na ce masa haka, ya ce ni makanike ne, ba ni da kunne."

"To don me kake sayar masa?"

Ya nuna mini rumfar da hannu. Rediyoyi ne jibge, duk sun yi ƙura.

"Waɗannan duk na gyara su, masu su ba su dawo ba. Yanzu wanda rediyonsa ya mutu, ajiye shi yake. Shi kaɗai ke shigo mini. In na hana shi, Mokolo zai gangara, can kuma ba mai gaya masa ko rabin gaskiya. Ina da iyali, Inna."

Na zo da zagi cike da baki, na rasa wanda zan ɗora wa. Da zan tafi ya ƙara da cewa, "Ki ce masa ya rage mai da kaset ɗin baya. Wuri ɗaya yake ta gurzawa. Zaren kaset yana cinyewa."

Na gaya wa Malam Njidda. Ya ce da zarar ya samu wayar kirki, sau ɗaya zai ji ya ajiye.

Daga baya na lura ya daina kallon lasifika. Ni yake kallo. Ashe duk lokacin da Hamsatu ta yi dariyar nan fuskata tana canzawa, don aminiyata ce, tare muka yi daka shekara da shekaru. Shi kuma yana jiran wannan canjin, in ya gani sai ya runtse ido ya karkata kai, ko zai tsinci wani abu. Abin da ya sa yake kirana ke nan. Ranar da na gane haka, a bayan ɗakina na yi kuka, don ban iya yi a gabansa ba.

Ni ma kuma na fara jin muryar tana nisa. Kullum sai ta ƙara dusashewa, kamar Hamsatu na ja da baya cikin madafar. Ban faɗa masa ba.

Ya faɗi ne ranar wata Laraba da hantsi, yana alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Maza suka kai shi asibiti a tasi, suka dawo da shi da takardar magungunan da ba mai iya saya. Aka aika wa ƙanensa Haman a Ngawundere, aka ce zai biyo jirgin ƙasa in ya samu na hanya. Muka shimfiɗa masa katifa a ƙasa, gefen teburin. Liman ya zo ya yi masa addu'a. Ni ke ɗura masa kunu da cokali, rabi ya shiga rabi ya zubo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Taufiƙ ya shigo da wani ƙunshi. Wata baƙar waya ce, ta fi duk na baya kauri. Ya ce Malam ya daɗe yana tambayarsa ita.

"Ba sayarwa na kawo ba, Inna," ya ce, bai dube ni ba.

Ya ɗaga ta a gaban idon Malam Njidda. Mutumin da tun Laraba bai motsa ba, sai ga hannunsa na hagu yana nuna tebur. Taufiƙ ya durƙusa ya cire ja, ya ɗaura baƙa, ya matse kusoshi a hankali kamar da gaske aikin zai yi. Ya mai da kaset baya, ya danna.

"An, de. An, de." Turmi. Babur.

Sai shuuu.

Na kasa kunne har na daina numfashi. Ba dariya, ba magana. Wurin ya cinye ƙarƙaf. Bayan ɗan lokaci turmi ya ci gaba da dakansa.

Malam Njidda na kallona, yana jiran fuskata, ita kuwa ba ta ba shi komai ba. Na ga idonsa ya cika da tsoro. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idon babban mutum ba, ko ranar da aka sallame shi daga aiki bai yi haka ba.

Na ce wa Taufiƙ, "Sake mai da shi."

"Inna, babu komai a..."

"Na ce ka sake."

Na matsa na zauna daf da kansa, ta wajen kunnen hagu mai ɗan sauran ji. Na ce masa da ƙarfi, "Malam, rufe ido ka saurara da kyau. Sabuwa ce." Ya rufe.

An, de. Turmi. Babur ya wuce. Na sunkuya har bakina ya kusa taɓa kunnensa, na siranta murya yadda take yi, na ce, "Njidda, kashe abin nan ka zo ka ci abinci."

Ni ma ban taɓa kiran sunansa haka tsirara ba. Na yi maza na koma zaune.

Ya daɗe bai buɗe ido ba. Hawaye ya gangaro ta gefen da ke da rai. Da ya buɗe, Taufiƙ ya nema da ido, sannan ni. Bakinsa ya yi ta kokawa da maganar kafin ta fito.

"Kun... ji? Na ce muku... wayar ce."

Taufiƙ ya ce, "Wayar ce, Malam." Ya tashi ya fita, na ji shi yana fyace hanci a bakin kwata.

Malam ya nuna a kashe, na kashe. Bai sake neman kaset ɗin ba. Washegari da walaha, ina cikin jiƙa masa leɓe da ruwa, liman na karanta masa kalmar shahada, ya cika. Kafin la'asar an kai shi.

Haman ya iso bayan an yi sadakar uku. Mutumin kirki ne, amma shi ma kiriz ta cinye shi, ko na komawa ba ya da shi. Ya kira wani dillali daga unguwar Messa ya ga shen ɗin. Dillalin ya ɗauki kaset ɗin da ke ciki ya kunna don gwaji, ya ji turmi da shuuu, ya cire ya jefa a kwali, ya sa nasa na kiɗa. Unguwa ta ɗauka. Haman ya jawo buhun da wayoyin ke ciki, ja da baƙa da fara, ya ce a haɗa da su, masu tsada ne.

Dillalin ya taɓa buhun da ƙafa. "Waya ai waya ce, Alhaji. Ba mai ƙara mini komai a kansu. Ku bar kayanku."

Aka ɗora shen a amalanke. Haman ya naɗe katifa da kwanukan Hamsatu, ya ce in ina so in ɗauki buhun, nauyi zai yi masa a jirgi. Mai gidan hayar ya sa wani tela a ɗakin kafin wata ya ƙare.

Igiyar shanyata ta daɗe da ruɓewa, ban samu na sabuwa ba. Na ɗauko baƙar na ɗaura daga kusar bangona zuwa bishiyar gwaiba. Akwai wata tsohuwar rigar Malam Njidda da aka manta a wajena, wadda kunu ya ɓata, na wanke ta don in bayar sadaka. Ranar hadari ce, ba rana. Na shanya ta na koma gaban kaskona, ba mai saye. Ruwa na ɗiga daga hannun rigar, bakin wayar mai ruwan zinare yana lilo a jikin bangon da Malam yake bugawa.