Jan Biron Malam Ummaru

Wata bakwai cur Muhsina ta kwashe tana zana littafin nan da hannunta, shafi goma sha shida, da fentin ruwa da wani siririn burushi. Malamar zane ce a wata firamare cikin garin Katsina, kuma ta gaji da littattafan hotunan da ake karanta wa yara, masu dusar ƙanƙara da dabbobin da ko kakanninsu ba su taɓa gani ba. Sai ta ce bari ta yi nata. Labarin wata jar akuya ne da ta tsinke igiya a Ƙofar Marusa, ta yi ta gantali har gindin hasumiyar Gobarau, ta gamu da jaki da zakara da mai kurar ruwa, kana yunwa ta koro ta gida wajen mai ita.

Shafi goma sha biyar ba su ba ta wata wahala ba. Na ƙarshen ne ya gasa mata aya a hannu. Matar da ke tsaye a bakin ƙofa da kwanon dusa tana jiran akuyarta, Muhsina ta ƙudurta fuskar mahaifiyarta za ta sa mata. Inna ta rasu shekara shida ke nan, ba ta bar hoto ba sai na katin zaɓe, shi ma ya koɗe har ba a bambance hanci da baki. Sau goma sha ɗaya Muhsina na zanawa tana yagawa. Wani ya fito kamar ƙanwar Inna, wani kamar wata mai waina ta bakin titi. Sai ranar Alhamis da yamma, ba ta ma san yadda aka yi ba, ga Inna nan a kan takarda: wushiryarta, da yadda take ɗan kanne ido ɗaya in dariya ta taso mata. Muhsina ta ajiye burushi ta sha kukanta, don ta san hannunta ba zai sake maimaita wannan ba.

Abin haushin, Muhsinar da ko taliya ta dafa sai ta ɗauke ta hoto, wannan shafin ba ta ɗauka a waya ba. Wai waya ɓata launi take yi, a bari sai Litinin ta kai shagon kwamfuta a kwafe shi da injin kirki.

Ranar Asabar da hantsi ta sa za ta fara karanta wa yaran unguwa. Ta shimfiɗa tabarmi biyu a gindin darbejiyar tsakar gida, ta ajiye littafin a kan teburin falo, ta fita sayen alawa. Ba ta yi awa guda ba. Kafin ta dawo yara sun cika tabarmi, su goma sha huɗu, an shafe su da mai suna ta ƙyalli. Ta ɗauko littafin, ta zauna a kujerar tsugunne, ta buɗe shafin farko ta juya shi wajensu kamar yadda ake yi, tunda ita ta haddace labarin.

"Wannan ita ce Jar Akuya," in ji ta. "Ku gaishe ta."

Ba wanda ya gaishe ta. Yara suka yi tsuru-tsuru. Can sai Fadila, 'yar maƙwabtansu mai shekara biyar, ta cire yatsa daga baki.

"Anti, wa ya yanka ta?"

Muhsina ta juyo da littafin. Wani jan layi ne, miƙaƙƙe sambal, ya ratsa wuyan akuyar daga wannan gefe zuwa wancan. Ta buɗe shafi na biyu, jaki ma an ratsa masa wuya. Zakara haka. Mai kurar ruwa yana ta murmushinsa da jan layi a maƙogwaro. Hatta ƙadangaren da ta zana a jikin katanga, wanda bai kai ƙwayar wake ba, bai tsira ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," kawai take maimaitawa.

Yara suka taso suna leƙe. Wata ta ce an yanka jaki, ai ba a cin jaki. Fadila ta fashe da kuka, biyu suka taya ta. Muhsina ba ta ma ji su ba. Ta kai shafi na goma sha biyar ta tsaya. Ta roƙi Allah a ranta ya sa ko wane ne ya gaji kafin ya kai ƙarshe. Sannan ta buɗe.

Bai gaji ba. Inna na tsaye da kwanon dusarta tana dariya, jan layi ya bi ta ƙarƙashin haɓarta.

Yadda ta raba alawar ta sallami yaran, ita kanta ba za ta iya faɗa ba. Ta dai tsinci kanta a zaure, inda mahaifinta Malam Ummaru yake zaune a kan buzu. Tsohon akawu ne, shekara talatin da biyar yana ja wa takardun gwamnati layi kafin ya yi ritaya, yanzu kuma yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi yake gani. Ga rula a gefensa, ga jan biro a aljihun gaba. Bai ko ɓoye ba, bawan Allah. Fuskarsa fal fara'a.

"Har kun gama? Kin ga gyaran da na yi miki?"

"Baba, kai ne?"

"Ni ne mana. Jiya bayan Juma'a Alhaji Dabo yake hwaɗi a gaban mutane wai ba ya turo jikokinshi gidan da aka tara hotuna, mala'ikun rahama ba su shiga. Na ce mishi ɗiyata ba ta aikin banza. Mu haka malamanmu suka koya muna: in an raba kai da gangar jiki, to ya tashi daga hoto. Kina hita na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙadangaren nan ya ba ni wuya, sai da na kai shi bakin taga."

Ya yi 'yar dariya, yana jiran godiya. Muhsina ta so ta yi ihu. Sai dai ba a ɗaga wa uba murya, balle uban da ya yi abu don ya kare ka. Ta durƙusa a gabansa, ta buɗe shafin ƙarshe ta ɗora masa a cinya.

"Baba, ka san ko wace ce wannan?"

"Mai akuyar mana."

"Inna ce."

"Wace Inna?"

"Innarmu. Wata bakwai ina nemanta, shekaranjiya na same ta."

Malam Ummaru ya laluba ya ɗauki littafin, ya miƙe da ƙyar, ya isa bakin ƙofar zaure inda rana ke faɗowa. Ya rufe mataccen idon da tafin hannu, ya kawo takardar har tana taɓa hancinsa. Ya daɗe a haka. Muhsina na kallon bayansa, ta ga kafaɗunsa sun sauka.

"Halimatus Sa'adiyya," in ji shi a hankali.

Tun da aka haifi Muhsina ba ta taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Matarsa ce ta fari, kunya ba ta bar shi ya kira ta da suna ba, daga "ke" sai "uwar yaran nan".

"Ita ce wallahi. Har wushiryar. Mi na yi haka? Mi na yi?" Ya sake duban layin. "Tsaya, bai bushe sosai ba, yanzu zai hita."

Kafin Muhsina ta gane abin da yake nufi, ya lashi babban yatsansa ya ɗora a kan layin, ya murza da ƙarfi.

"Baba, kar ka taɓa!"

Ta yi tsalle ta riƙe masa hannu, amma ya riga ya murza sau uku. Tawadar biro ba ta san miyau ba, tana nan daram. Fentin ruwa ne ya bi yatsan. Haɓar ta tafi, bakin da wushiryar suka narke suka zama dabbare-dabbaren ruwan ƙasa har zuwa kumatu. Ido biyu kawai suka rage, ɗaya a ɗan kanne.

Malam Ummaru ya sake kawo takardar kusa da fuskarsa, yana ƙifta ido cikin hasken rana.

"Ya hita, Muhsina? Duba mini, ni ban gani sosai."