Abin da Ke Ƙarƙashin Gonar Arzika

Shekarar da Turawa suka sa a zuba wa hanyar Kano zuwa Katsina marmara, masu awo suka yi ta haƙa ramuka a gonakin Kankia suna neman inda jan dutsen ya fi kusa da sama. Duk faɗin ƙasar nan sai suka same shi a gonar Arzika, wani dattijo na Fakuwa. Bature ya kafa turaku huɗu, ya hau dokinsa ya tafi, ko tambayar mai wurin bai yi ba.

Gonar kuwa abin a tsaya a kalla ce. Ƙasarta baƙa ce mai laushi, in ka damƙe ta da damina sai ta dunƙule, in ka sake ta ta warware kamar dambu. Maƙwabta na fama da rairayin da ba ya riƙe ruwa, shi dawarsa na kore shar. Gaskiya Arzika ya cika baki da ita. Kullum cewa yake Allah ne ya keɓe wa gidansu wannan wuri tun fil'azal, kamar da shi aka yi shawara.

Dagaci ya ba shi madadi ta wajen hanyar Kusada, fili ninki biyu na wanda aka karɓe. Arzika ya je ya ɗebi ƙasar wurin, ta zurare ta tsakanin yatsunsa, fara fat.

"Ranka shi daɗe, wagga jigawa ko gyaɗa sai ta yi tunani kahin ta tsira cikinta," in ji shi.

Dagaci ya ce abin da ke akwai ke nan.

Daga nan Arzika ya nufi Manu, shugaban leburorin da za su haƙa marmarar, ya roƙe shi ya jinkirta. Manu mutumin ƙauye ne, ya san abin da ke cin dattijon. Ya ce, "Baba, kwana biyar zan iya ba ka. Bayan nan ni ma ba ni da ta cewa."

Kwana biyar ɗin nan Arzika ya yi su yana kankare baƙar ƙasar da fartanya, yana cika mangala, yana kora jaki zuwa sabon fili. Maƙwabcinsa Gajere, wanda ya daɗe yana haɗiye gorin gonar nan, ya samu abin yi. Duk wucewa sai ya ce, "Malam Arzika, ina za a kai amarya?" Arzika ya ci gaba da kora jakinsa. Baƙin ciki ya cika shi, don ya ga abin da jaki ɗaya ke iya ɗauka, ya kuma ga abin da ya rage. Da wa'adi ya cika, duk abin da ya tara bai wuce faɗin tsakar gida ba.

Ran na shida leburori suka sa diga. Arzika ya tsaya a bakin ramin da hantsi yana kallo, ya kasa tafiya. Da suka yi zurfin ƙugu sai bangon ramin ya fito sarai. Baƙar ƙasar da yake tutiya da ita ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Daga ƙarƙashinta har zuwa kan marmara farin rairayi ne. Ya sauka ya ɗiba, ya murza. Babu abin da ya raba shi da na filin da ya raina a gaban dagaci.

Ya zuba kaɗan a aljihu ya tafi wurin Inno, ƙanwar mahaifinsa, wadda a lokacin ita kaɗai ta rage cikin manyan gidan. Ya juye a gabanta.

"Gwaggo, wannan daga ƙarƙashin gonar Baba ta hito."

Tsohuwar ko mamaki ba ta yi ba. "To mi kake zato? Jigawa ce aka ba ubanka Ma'aruf, don babu mai so. Shekarar hwarko dami ukku ya ɗauka. Tokar murhunmu, kashin awaki, sharar tsakar gida, babu abin da ya bari. Kowane rani sai ya bi Hulani da hura da dawa su zauna mishi da shanu."

"Shekara nawa ya yi?"

"Wa ya ƙirga? Ya hwara kahin a haihe ka. Da ta yi kyau sosai, shi haƙoranshi sun zube, kai ka ci."

Arzika ya tsura wa rairayin ido. Kunya ce ta kama shi, ta fi baƙin cikin nauyi. Shekara talatin yana yabon ƙasa a bainar jama'a, bai taɓa ambaton mutumin da ya yi ta ba.

Washegari Gajere ya gamu da shi yana kora jaki, mangala cike da toka da kashin awaki. Ya dubi kayan, ya dubi furfurar mai su, wasan ya fita daga bakinsa.

"Malam Arzika, kai kam ba za ka ga ranar da hilin can zai yi baƙi ba."

"Na sani," in ji Arzika. Ya gyara wa jakin kaya, suka ci gaba da tafiya.