Sha Huɗu a Gadon Baya

Dutsen farko ya sami gilashin gefen direba tun motar 'yan wasa ba ta gama wuce bakin mahaƙar tagulla ba. Na biyu ya shigo ta tagar baya, ya faɗa cinyar wani ɗan wasa da ke gyangyaɗi. Direba bai tsaya ba. Nemesio Urías, wanda kowa ke kira Mecho, ya kakkaɓe gilashi daga shuɗiyar rigarsa, ya leƙa waje. Ya gane mai jifan. Mai gidan burodin unguwarsu ne, mutumin da ya yi masa kek ranar aurensa.

"Mutanen garinku akwai karamci," in ji Tavo, mai cafe masa ƙwallo, yana kare kansa da jaka. "Tun daga hanya ake kawo wa baƙo tsaraba."

Mecho bai yi dariya ba.

A nan Santa Eduviges aka haifi ƙungiyar da yake yi wa jifan ƙwallo a besbol, wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya doke ta da sanda. Turawan kamfanin tagulla ne suka kafa ta don ma'aikata su rage shan giya ranar Lahadi, suka sa mata sunan kamfani da fararen riguna. Bayan babban yajin aiki, lokacin da sojoji suka harbe mutane a bakin rami, ma'aikata suka ƙwace ta. Matansu suka rine rigunan ja a baho, aka sa mata suna Mahaƙa. Daga baya kamfanin giya ya saye ta, ya liƙa hoton kwalba a ƙirjin rigar. Mutane suka yi gunaguni, suka ci gaba da zuwa. Shekara uku da suka wuce wani mai otal-otal ya saye ta, ya kwashe ta zuwa bakin teku da 'yan wasanta da kofunanta. Ja ya koma shuɗi, Mahaƙa suka koma Matuƙa. Filin garin ya yi kakar wasa guda ba kowa sai awaki. Sannan mai Kunamu, ƙungiyar garin bayan dutse, waɗanda Santa Eduviges ta shekara da shekaru tana jifa da kwalabe, ya kwaso tasa ƙungiyar ya zuba a filin. Ya sayi jan yadi. Suka kwana Kunamu, suka tashi Mahaƙa.

Yau ce rana ta farko da aka sa Mecho ya yi jifa a garinsu cikin shuɗiyar riga.

Wansa Hilario yana tsaye a ƙofar 'yan wasa, da jar riga, da ƙurar rami a wuyansa wadda sabulu ya daina fitarwa.

"Yaya."

"Wa ye yayanka? Ni ƙanena Mahaƙi ne. Kai ban san ka ba, ɗan kamun kifi."

"Ƙungiyar da Baba ya buga wa ita nake ciki. Riga kawai aka canza."

"To tambayi rigar ko ta san hanyar maƙabarta."

"Waɗanda kake yi wa tafi fa? Su suka kashe shi."

Hilario ya tofar da yawu gefe. "Waɗanda suka kashe shi sun tsufa sun mutu. Waɗannan ina ganinsu kowace Lahadi. Kai kana ina?"

"Mama ta zo?"

"Tana kujerarta. Kada ka ɗaga mata hannu, mutane na kallo."

Mahaifinsu, Rosendo Urías, lamba goma sha huɗu yake sawa. Mecho yana kan cinyar mahaifiyarsa, Doña Ofelia, ranar da mai jifan Kunamu ya sami Rosendo da ƙwallo a bayan kunne. Mutumin ya zo asibiti da hula a hannu, ya tsaya gabanta ya ce, "Suɓuce min ta yi, Doña." Abin da kowane mai jifa ke faɗa ke nan. Rosendo ya yi shekara biyu a kujera, yawu na zuba, ba ya iya kiran sunan 'ya'yansa. Da ya mutu ƙungiya ta jingine lambarsa: aka zana ta a bangon ƙarshen fili, ba wanda zai sake sa ta. Da aka koma teku lambar ta bi su. Can ma ba wanda ke sa ta, kuma ba wanda ya san dalili.

Mecho ya fito motsa hannu, ya dubi bangon. Tallan tayar mota ne a wurin.

"Kada ka dubi hagunka," in ji Tavo.

Ya duba. Wani ƙato yana jujjuya sanduna biyu a kafaɗa, ya juya masu baya. Eliseo Bracamonte, gwanin dukan sababbin Mahaƙa, tsohon Kunama. A gadon bayansa, fara ƙal a kan ja, goma sha huɗu.

"Na ce kada ka duba."

"Na ji."

Aka fara wasa da rana tsaka. 'Yan badujala suna busa a saman benci na rana. Duk lokacin da Mecho ya sauko daga tudun jifa sai kofuna su biyo shi, wasu giya, wasu abin da giyar ta zama bayan an sha. Wata tsohuwa da ta koya masa karatu a firamare ta kira shi shege maci amana. Ya goge wuyansa da tawul, ya zauna.

A zagaye na biyu Bracamonte ya shigo. Jifa ta farko ya bar ta ta wuce. Ta biyu ya ɗaga ta sama, ta tafi, ta haye bango daidai kan tallan taya. Fili ya ɗauki ihu. Mecho ya tsaya a kan tudu yana kallon lambar ubansa tana zagaya shi a guje. Sai ya yi abin da aka hana shi, ya dubi kujerar da ke bayan raga. Doña Ofelia tana tsaye. Tafi take yi.

A zagaye na huɗu mai jifan Mahaƙa ya matso da ƙwallo ciki sosai, ta sami wani ɗan ƙasar Kuba da ke buga wa Matuƙa a wuyan hannu. Har daga benci an ji ƙarar ƙashin. Aka fita da shi yana cizon rigarsa.

Ba a rubuta dokar ko'ina ba, amma ko mai sayar da gyaɗa ya san ta. An bugi naku, ku bugi nasu, kuma gwaninsu. Ba a ka ba, ba a gwiwa ba. A lambar da ke bayansa, inda nama yake. Ya sosa, ya taka zuwa matsaya ta farko, magana ta ƙare. Koci kuma ba ya ba da umarni da baki. Don Cuco, kocin Matuƙa, ya zo ya zauna kusa da Mecho yana taunar taba.

"Ka ga hannun yaron nan?"

"Na gani."

"To." Ya tashi.

Tavo yana ɗaura kariyar ƙirjinsa. "Bracamonte ne zai fara shigowa duka. A lamba, Mecho. Ka ji ni? A lamba. Ina da 'ya'ya, kuma ƙofar filin nan ɗaya ce."

"Shekara nawa ina jifa?"

"Shi ya sa nake gaya maka."

Fili ya yi tsit da Bracamonte ya fito. 'Yan badujala suka sauke ƙahonninsu. Ya biya ta bakin raga, ya yi magana da wata mata, sannan ya shigo ya gyara hular kwanonsa. Ya dubi Mecho, ya ɗan gyaɗa kai. Ya sani. Ya ma ɗan karkata kafaɗa, ya ba da bayansa kamar mai jiran allura.

Tavo ya tsuguna, bai nuna yatsa ɗaya ba, bai nuna biyu ba. Ya murza babban yatsa, alamar a sami mutum da ƙwallo.

Daga kan tudu Mecho yana ganin gefen lambar, ƙafar huɗun ta leƙo ta bayan kafaɗa. Nan zai jefa. Nan ne wurin da doka ta ce. Ya ɗaga ƙafa. Ya tuna yadda yake goge wa ubansa, mai lambar na asali, yawu da tsumma. Ya ga hannayen mahaifiyarsa suna tafi. Hannunsa ya zo, yatsunsa suka saki, kuma tun ƙwallon ba ta yi rabin hanya ba ya san inda ya aika ta.

Ta shige ƙarƙashin hular, bayan kunne.

Ƙarar ba ta da yawa. Hular ta gangara gefe. Bracamonte ya faɗi ta fuska, sandar a ƙarƙashinsa, ƙafarsa ta dama tana harbin ƙasa.

Tavo ne ya fara miƙewa don ya tare, wani ya zo ta baya ya kifar da shi. 'Yan wasan ɓangarori biyu suka zubo daga benci cikin fili. Mecho ya jefar da safar hannunsa, ya tari na farko da naushi a maƙogwaro, na biyu ya same shi a ido. Alƙalin wasa yana ɗaga hannu, aka bi ta kansa. Sai ragar da ke gaban benci na rana ta lanƙwashe, ta kwanta, mutanen gari suka kwararo. Kwalabe suka fara fashewa. Wani ya sami sanda. Don Cuco yana zaune a ƙasa yana tara jinin hancinsa a hula.

Mecho ya faɗi. Ƙafafu suka rufe shi. Wani mai takalmin wasa, mai ƙarfe a ƙasa, ya nemo hannunsa na dama musamman, ya taka, ya murza. Ya ji yatsun suna karyewa ɗaya bayan ɗaya.

Wani ya keto taron yana ture mutane. Hilario ne. Ya ɗago ƙanensa ta wuyan riga, ya zuba masa naushi a baki, haƙori ya fita. Sannan ya faɗa kansa, ya rufe shi da jikinsa duka.

"Nawa ne!" yake ihu, duka na sauka a bayansa. "Ni zan kashe shi! Duk wanda ya taɓa shi sai na ci ubansa!"

Suna nan a haka har 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Da hayaƙin ya washe, babban ƙahon badujala yana kwance a tsakiyar fili, an taka shi ya lotse.

Asibiti ɗaya ne a garin. Kafin faɗuwar rana an cika shi, ja da shuɗi a gado ɗaya. Aka naɗe wa Mecho hannu. Likita ya duba hoton ƙashin, ya tambaye shi ko yana da wata sana'a. Hilario yana ɗakin ɗinkin rauni. Ɗan sanda yana bakin ƙofar baranda yana shan sigari, an sa shi ya tsare Mecho daga mutanen gari.

Barandar ba ta canza ba. Koren fenti, dogon benci. Doña Ofelia tana zaune a ƙarshensa, inda ta zauna ranar da aka kawo mahaifinsa. Kusa da ita matar da Bracamonte ya yi wa magana a bakin raga, tana rungume da jar rigar da aka yanke daga jikinsa da almakashi.

"Mama."

Ta dubi hannunsa, ta dubi bakinsa. "Yayanka ne ya yi maka haka?"

"Bakin, shi ne."

"Za a kai Bracamonte birni. Jini ya taru a kansa. Sun ce ko ya tashi ko bai tashi ba."

Mecho ya dubi rigar da ke hannun matar. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Kin ga abin da suka sa masa a baya. Kika tashi kina tafi."

"Ni na ba shi."

"Me?"

"Ya zo gida kafin a fara kakar wasa, da hularsa a hannu. Ya ce an ba shi sha huɗu, ya ji labarin mai ita, ba zai sa ba sai na yarda. Ya sha kofi, ya gyara min famfo." Ta gyara jakarta da ke gefenta a kan benci. "Ku kun kai ta teku kun kulle a durowa. Ni na gaji da ganinta a bango. Na ce ya sa. So nake in ga tana gudu."

"Ba wanda ya gaya min."

"Ka kira ne?"

Matar ta ɗago kai. Ta miƙe, ta zo gabansa, rigar a ƙirjinta. Ba ta kai kafaɗarsa ba.

"Kai ne Urías?"

"Ni ne."

"Ya zo bakin raga ya ce min, Idalia, kada ki tsorata, za a buge ni, a baya ne, haka ake yi. Ya ce Urías tsohon hannu ne, inda ya nufa nan yake samu." Muryarta ba ta rawa. "To me ya faru?"

Maganar da kowane mai jifa ke faɗa tana nan a bakinsa, a shirye. Don Cuco zai faɗe ta ga 'yan jarida, Tavo zai rantse a kanta, hukumar wasa za ta karɓa, ta dakatar da shi kwana kaɗan. Ba wanda zai iya ƙaryata ta. Ya buɗe baki. Sai ya ga mahaifiyarsa tana kallonsa, leɓɓanta har sun fara motsi, suna faɗin kalmomin kafin shi.

Ya haɗiye jinin da ke bakinsa.

"Ba suɓucewa ta yi ba," ya ce.

Idalia ta tsaya tana kallonsa. Ɗan sandan ya kashe sigarinsa a bango, ya taho a hankali.

Doña Ofelia ta kamo hannun matar, ta zaunar da ita. Ta karɓi rigar, ta shimfiɗa a cinya, ta haɗa inda almakashi ya raba, ta ninke ta lambar tana ciki. Akwai sauran wuri a bencin. Ba ta ɗauke jakarta don Mecho ya zauna ba.