Rabin Kamfanin Illo

Yayana Illo ne ya fi kowa ɗaga murya da aka ce kowane kamfani sai ya je kotu ya faɗi sunayen masu shi na gaskiya. 'Yan kasuwar Dogon Dutsi suka haɗu suka ɗauki avoka, wato lauya, suka kai ƙara wai ana leƙa musu asiri. Mutumin da ko mota ba ya son shiga, sai ga shi yana zarya zuwa Dosso a kan shari'a.

Gari ya ɗauka cewa wani babba yake ɓoyewa. Ni dariya kawai nake yi, don na san babban. Rabin kamfaninsu na wake da gero na Fadila ne, 'yarsa ta fari. Ita ta sayar da zinarenta ta saka, ita ke bin manoma daga Kiéché har Tibiri. Amma a baki kawai abin yake. In yau Illo ya rasu, rabin nan sai ya narke cikin gado, ƙannenta maza su kwashe.

Kunyar 'yar fari ke cin yayana. Tun da aka yaye ta aka miƙo mini ita, bai taɓa kiran sunanta ba. Sai dai ya ce "yarinyar Lantana," wato ni, ko ya yi gyaran murya ta juyo. Ina son Illo, amma taurin kansa na ƙona mini rai.

Na ce masa, "Yaya, dokag ga ta hi ka tausayin ɗiyarka."

Ya ce, "Ke, Lantana, mi ya kai ki maganar maza?"

Alƙali ya kori ƙarar. Sauran suka ce za su ɗaukaka ta gaba, Illo bai bi su ba. Ran Litinin ya aiko a kira ni, ya ce in taho da "waccan." Muka tafi kotu a rubuta sunayen masu kamfani.

Magatakardan kotun yaro ne baƙo, bai san komai a kanmu ba. Ya tambayi sunan mai rabi na biyu, ya ce dole shugaban kamfani ya faɗa da bakinsa. Illo ya gyara hula, ya dubi fanka, ya dubi takalminsa. Tausayi ya kama ni, na buɗe baki zan faɗa a madadinsa, sai ya ɗaga mini hannu.

"Fadila," in ji shi. "Fadila Illo. Guminta ne."

Yarinyar nan, uwar 'ya'ya huɗu, sai ta waiga baya tana neman wadda ake kira. Da ta ga bango ne kawai a bayanta, ta durƙusa nan gaban tebur.

"Na'am, Baba," ta ce.